Asama'u Mai Kantu da Sallar Bayan Ƙyaure

Ba za a ambaci sunan ƙauyen a nan ba. Ya isa a ce yana ƙasar Sule Tankarkar, can inda rairayi ke riƙe tayar babur, kuma wanda ya san wurin ya riga ya san maganar. Asama'u da kanta ta yarda a rubuta. Ta ce in dai ba za a ƙara gishiri ba, a rubuta, ko wata ta huta.

Asama'u doguwa ce. Tun tana ƙarama ta zarce sa'o'inta tsawo, fatarta sumul, ko ƙurjin balaga bai taɓa fito mata ba. Ƙirjinta ya cika a kan kari kamar na kowace budurwa. Abu ɗaya ne ya ƙi zuwa, jinin al'ada. 'Yan mata suka fara ƙus-ƙus a bakin rijiya, wannan ta ce ta gani, waccan ta ce ta gani, ita kuwa shiru. Damina ta wuce, wata ta sake wucewa.

Iya, mahaifiyarta, ba ta yi mamaki ba. Wata rana da hantsi ta ɗauke ta daga kan bakacen riɗi ta shigar da ita ɗaki. Ga Inna Tabawa, yayar Iya, zaune a bakin gado. Ita ma doguwa ce, ita ma ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ita ce mai wanke gawar mata a ƙauyen.

"Zauna," in ji Iya. "Abin gidanmu ne ya faɗo a kanki. Ya ɗauki Innarki, kafin ita ya ɗauki wata ƙanwar kakarmu. Ba ya kisa. Bakin mutane ne ke kisa."

Inna Tabawa ce ta koya mata dabarar, kamar yadda aka koya mata.

"In wata ya raba, ki ajiye buta. Ana kiran salla, ke ki zauna tsakar gida kina tsintar wake, inda kowa zai gan ki. Ki wanke tsumma ki shanya a bayan ɗaki. Bayan 'yan kwanaki ki tsefe kai ki yi wanka. Da azumi kuwa, ki ɗebo ruwa a moɗa ki kai baki a gaban wata, amma kada ki haɗiye."

"To sallar fa, Inna?"

"In ido ya ɗauke, ki ja ƙyaure ki yi abarki. Allah yana gani ta cikin ƙyaure. Maƙwabta ne ba sa gani."

Gidan su Iya suna da dabara ta biyu: irin wannan 'ya, mai 'ya'ya ake nema mata. Sai ga Barau, mai tufkar igiya, wanda matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu ƙanana. Gajere ne, da ƙyar ya kai mata kafaɗa. Ranar da ya fara zuwa zance ya ɗaga kai ya dube ta ya ce, "Don Allah a ara mini turmi in taka, wuyana ya ƙage." Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ba wanda ya tilasta ta, ita ta ce ta ji ta gani. Aka ɗaura aure a 1982.

Ta riƙe yaran Barau har suka manta da maraici, Umma suke ce mata. Sana'arta kantu. Ta iya wanke riɗi har ɗacin ya fita, ta san daidai lokacin da sukari ke kama jikinsa kafin ya ƙone. Duk Alhamis Barau na ɗaure igiyoyinsa a bayan keke, ya ɗora kwanon kantunta a sama, ya nufi Maigatari. A bakin kasuwar dabbobi yake baza kaya, kuma direbobin manyan motocin kaya na Damagaram kan cinye kantun tun kafin ya sayar da igiya ɗaya. Yakan dawo yana mita, yana kiranta da sunan da ya raɗa mata saboda tsawonta: "Giginya, mutanen nan ba ni suke jira ba, kwanonki suke jira."

Mutane suka ce juya ce. Ta ɗauki wannan sunan, don suna ne da kowa ya sani, yana da wurin zama a cikin mata. Ɗayan abin kuwa ko Barau ba ta gaya wa ba. Duk wata sai ta ajiye buta, ta ƙaurace masa na 'yan kwanaki, in gida ya yi tsit ta ja ƙyaure ta rama sallolinta da sauri kamar mai sata.

Da kakar 1994 ta ɗaga buhun riɗi, wani ɗan kumburi da take da shi a gefen mara tun tana yarinya ya murɗa. Ta durƙushe a wurin. Barau ya samo mota aka kai ta asibiti a Gumel. Wadda ta karɓe ta wata nas ce, Sista Cecilia, mutuniyar Filato da ta daɗe a garin har Hausa ta zauna mata a baki.

"Yaushe rabonki da al'ada?"

"Makon jiya," in ji Asama'u. Ƙaryar ta fito da kanta, ta saba hanya.

Likita ya duba ta, ya daɗe yana dubawa, ya sake yin tambayar, ta sake ba shi amsar. Da ya fita, Sista Cecilia ta jawo kujera ta zauna.

"Yaya Asama'u, ni ba maƙwabciyarki ba ce. Abin da kika faɗa mana, shi za a bi a sa miki wuƙa."

Asama'u ta dubi rufin ɗakin. Sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa bare ba.

Aka tura ta babban asibiti a Kano. Aka ɗebi jini, aka kankari cikin kumatunta, aka ɗauki hoton ciki, aka yi aiki. Likitan can ya yi mata bayani, rabi Hausa rabi Turanci, abu biyu kawai ta tsinta: ba ta da mahaifa, kuma abin da aka ciro daga gefen mararta 'ya'yan maraina ne, irin na maza.

Da ta koma Gumel cire zare, ta riƙe hannun nas ɗin.

"Sista, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ni mece ce?"

"Ke ce dai wadda ta shigo nan da ciwon mara," in ji Cecilia. "Saurara. Kowa yana da ƙwayoyin gado a jikinsa, rabi na uwa, rabi na uba, su ke tsara yadda za a gina shi. Ke naki tsarin ya fara ne a kan hanyar namiji. Tun kina ciki, abin nan da aka cire ya riƙa fitar da sinadarin da ke ce wa jiki ya zama namiji. Kin san mai shela?"

"Na sani."

"To shi ne. Yana ta zagaya gari yana shela, amma duk gidan da ya tsaya, kurame ne a ciki. Akwai wata ƙwayar gado guda ɗaya da ke yi wa jiki kunnen jin wannan shelar. Taki ta ɗan sauya, kamar silin da ya kauce a tufkar maigidanki. Kunnen bai yi ba. Jikin da bai ji shelar ba kuwa, mace yake zama. Haka kika fito, haka kika girma. Likitocin Turai ma ba su daɗe da gano ainihin ƙwayar ba."

"Asiri ne aka yi wa gidanmu?"

"Babu asiri. Ta wajen uwa yake bi. Mace mai haihuwa tana iya ɗauke da shi ba ta sani ba, ta ba wasu 'ya'yanta, wasu ya tsallake su. Iya ba ta yi laifi ba, ita ma gada ta yi." Ta miƙa mata ƙullin magani. "Wannan kullum za ki sha, saboda ƙashinki. Maigida kuwa, ke kika san shi, ba ni ba."

Ta san shi, shi ya sa ta gaya masa. Da safe ne, yana zaune a gindin darbejiya ya maƙale rama a babban yatsan ƙafa yana tufka. Ta faɗa masa duka, har da butar da take ajiyewa. Hannunsa bai tsaya ba. Da ta gama ya ce, "To." Bai ƙara ba.

Ba ƙyama ce ta kama Barau ba, tsoro ne. Mutum ne mai gudun haram, karatunsa kuwa bai yi nisa ba. Tambaya ɗaya ta hana shi sakat: shekara goma sha biyun nan, aure ne ko ba aure ba? Kunya ta hana shi samun Liman Ya'u shi kaɗai ido da ido. Sai ya yi dabarar da yake ganin ta fi rufin asiri. Ranar Juma'a bayan an sauko, Liman na zaune a ƙofar masallaci yana amsa tambayoyi kamar yadda ya saba, Barau ya yi gyaran murya a cikin taro.

"Allah gafarta Malam, wani abokina ne a can Maigatari. An yi wa matarsa aiki a Kano, sai likita ya ciro..."

A ƙauyen nan kaf, mace ɗaya ce ta je Kano aka yi mata aiki a shekarar. Tun bai rufe baki ba wani daga baya ya ce, "Abokin nan naka, shi ma igiya yake tufkawa?" Liman ya ɗaga hannu da sauri ya ce, "Barau, ka same ni a gida." Amma magana zarar bunu ce.

Kafin Juma'a ta zagayo an sa mata sabon suna, mata-maza. Asama'u ba ta gane girman abin ba sai da ta shiga gidan suna. Ta yi sallama, hira ta ɗauke. Mata suka fara jan mayafi. Mai jego, yarinyar da ita Asama'u ta sha goyawa, tana ba jariri nono, sai ta juya mata baya ta rufe ƙirji. Asama'u ta ajiye kwanon kantun da ta kawo, ta yi barka, ta fito. Ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta gida ba.

Sai Kawu Ɗantsoho ya aiko. Shi ne kawun Barau, shi ya riƙe shi tun yana maraya, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa a dangi. Ya ce namiji ba ya auren namiji, a haɗu a zauren Liman a warware abin da aka ƙulla bisa kuskure. Barau ya shigo gida kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

"Giginya, bakina ya yanka mana wuya."

"Ya yanka, Maigida," ta ce. "Amma ni ma zan je zauren."

Ta biya gidan Iya. Iya na kuka ta ce mafita ɗaya ce, a ƙaryata likita. Wata ya kusa rabawa, ta ajiye buta, ta shanya tsumma inda duk unguwa za ta gani, maganar za ta mutu.

"Iya, na gaji da ajiye buta."

Inna Tabawa na kwance a kan tabarma, tsufa ya lanƙwasa ta, an ɗauka barci take. Sai ta ce, "Ku miƙo mini takalmana da sandata."

Bayan la'asar aka zauna. Zaure ya cika da maza, wasu na leƙe ta ƙofa. Asama'u da Inna suka zauna a bakin ƙofar cikin gida, inda za a ji su.

Kawu Ɗantsoho ya yi magana mai tsawo a kan mutuncin gida. Da ya gama, Liman ya ce ko matar Barau tana da abin cewa. Asama'u ta ba su labarin mai shela da gidan kurame yadda ta ji shi, ta ce gado ne ta wajen uwa, ta ce ba ta taɓa ganin al'ada ba, duk abin da suka gani a tsakar gidanta shiri ne.

"Mu ba mu zo jin tatsuniya ba," in ji Kawu. "An ciro abin maza ko ba a ciro ba?"

"An ciro, Kawu."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Inna Tabawa ta buga sandarta a ƙasa.

"Ɗantsoho."

"Na'am, Tabawa. Wannan ba maganarki ba ce."

"Ranar da gyatumarka ta rasu, wa ya wanke ta?"

"Ke ce."

"Uwar 'ya'yanka fa?"

"Ke ce. Allah ya saka."

"To ni ma ban taɓa ganin jini ba, ko ɗigo. Kumburin da aka yanke mata, ga nawa nan, da shi za a binne ni. Na yi zaman aure har na rufe idon mijina, ba wanda ya ce mini namiji. In yarinyar nan namiji ce, to namiji ne ya wanke uwarka. Sai ka ɗauki fartanya ka je ka tono ta a sake."

Rabin mazan da ke zauren, hannun tsohuwar nan ne ya yi wa iyayensu mata wankan ƙarshe. Kawu ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

Liman Ya'u ya ce tun ranar Juma'ar yake bincike, kuma malamai ba su bar irin wannan mas'ala a banza ba. Ana duba abin da ya bayyana ne. Wadda halittarta ta mata ce, ƙirjinta na mata, ba gemu, ba a taɓa shakkarta ba tun ranar da ungozoma ta ɗauke ta, to mace ce. Rashin haila ba ya fitar da mace daga cikin mata, haka rashin haihuwa. Abin da wuƙar likita ta tarar a ciki kuwa, Allah ya san da shi tun kafin a raba goron ɗaurin auren.

"Aure yana nan daram," ya ce. "Ni abin da ya fi damuna daban ne. Asama'u, kwanakin da kike ajiye buta, ina sallolin?"

"Allah gafarta Malam, ina yi. A bayan ƙyaure, sai dai a makare."

"Ni shaida ne!" Barau ya miƙe zumbur. "Wallahi tun tana amarya nake jin ƙarar awarwaronta in ta kai goshi ƙasa. Ni na ɗauka ba ta san hukunci ba ne, tana salla cikin rashin tsarki. Kullum in ce yau zan gyara mata, kunya ta hana ni."

Wani ya tuntsire da dariya, sai zaure duka ya ɗauka, har Liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Asama'u ta sunkuyar da kai cikin mayafi, dariya da hawaye suka haɗu mata.

"Shekara goma sha biyu," in ji Liman, "ita tana ɓoye salla, kai kana ɓoye fatawa. To daga yau a buɗe ƙyauren."

Kawu bai saki duka ba. Ya dubi Barau ya ce, "Kai fa? Bayan duk abin da ka ji, kana so?"

"Kawu, ni tambaya na yi ko halal ne, ban ce na gaji ba. An ce halal ne." Ya sosa ƙeya. "Turmin da na taka ma yana nan."

Ba za a ce komai ya koma daidai a ranar ba. Akwai maƙwabciyar da ba ta sake aiko sayen kantu ba har yau, kuma Kawu ya daɗe yana amsa gaisuwarta a daƙile. Direbobin Damagaram kuwa ko a jikinsu, tambayarsu ɗaya, me ya sa kwanon bai zo ba makonnin nan. Da azumi ya kama, Asama'u ta yi shi cif a gaban kowa, ba moɗa, ba tsumma. Ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida, ana kira tana tashi.

Bayan salla ƙarama ta shiga mota ta tafi Gagarawa, inda ƙanwarta ke aure. 'Yar ƙanwar, Nana Firdausi, tana makarantar sakandare, doguwa, fata sumul, kuma Asama'u ta lura da yadda uwar ke kallonta. Ta tarar har an fara koya wa yarinyar tsintar wake lokacin azahar. Ta karɓe faifan daga hannunta ta ce, "Tashi ki yi alwala. Gobe za mu Gumel, akwai wata Sista da za ki gaisar." A hanya ta ba ta labarin mai shela da bakinta, don kada ta fara jin sa daga bakin da ba ya ƙaunarta.

Da damina ta faɗi, Inna Tabawa ta rasu. Mata suka cika gidan, aka ɗora ruwa, aka kawo ganyen magarya, sai aka tsaya ana kallon juna, don mai wankan ce yau a kwance. Ana cikin haka aka yi sallama daga zaure, aka miƙo farin yadi. Kawu Ɗantsoho ne ya aiko da likkafani, da saƙon cewa a ba matar Barau, ita ta san hannun tsohuwar.

Mai jegon nan da ta taɓa juya mata baya ita ta ɗauko ƙwaryar ruwan. Ta zo gaban Asama'u, goyonta a baya, ta durƙusa ta miƙa mata.

"Umma, bismilla. Ni zan riƙa zuba miki."

Asama'u ta cire awarwaronta ta ajiye a kan taga, ta naɗe hannun riga, ta shiga ɗakin.